Kafin Ka Tura Kuɗin Taimako: Yadda Ake Sa Wa Tausayi Linzami

Dare ne na azumi, an sha ruwa an yi asham, kana kishingiɗe da waya a hannu. Sai ga bidiyo ya faɗo zauren WhatsApp na dangi: yaro kwance a gadon asibiti, ciki ya kumbura, uwarsa na share hawaye da gefen mayafi, a ƙasa ga lambar asusu da "don girman Allah a taimaka". Kafin bidiyon ya ƙare ka tura dubu biyar, ka ji sanyi a ranka. A layinku kuwa, gida uku ne tsakaninku, akwai matar da mijinta ya rasu bara ya bar ta da 'ya'ya huɗu, yau da ruwan koko kawai suka yi buɗa-baki. Ba ta taɓa tambayar ka ko sisi ba, kai ma ba ta taɓa faɗo maka a rai ba.

Wannan ba rowa ba ce, tunda ga shi ka bayar. Masana halayyar ɗan Adam suna kiran abin karkatar tunani: 'yan hanyoyin yanke da ƙwaƙwalwa ke bi don ta yanke hukunci cikin sauri, su kuma riƙa rinjayar da ita gefe guda kullum, kamar sikelin da aka taɓa. Daniel Kahneman da abokin aikinsa Amos Tversky ne suka fi yin suna wajen bin diddiginta tun shekarun 1970, har Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002. Bambancinta da son zuciya shi ne, mai son zuciya ya san abin da yake yi, wanda tunaninsa ya karkata kuwa zai iya rantsuwa a kan daidai yake.

Kada wani ya ce ina taɓa lada. Mun san hadisin mutumin da ya fita da sadakarsa cikin dare ta faɗa hannun ɓarawo, washegari hannun mazinaciya, sannan hannun mawadaci, aka kuma yi masa albishir an karɓa. Lada na bin niyya. Maganata a nan a kan inda kuɗin ke sauka ce, da abin da suke yi idan sun sauka.

Mataki na 1: Tono sadakar bara

Buɗe manhajar bankinka ka koma baya wata 12. Duk abin da ka fitar da sunan taimako ka rubuta shi a takarda, har da wanda ka miƙa hannu da hannu idan ka tuna. A gaban kowanne ka amsa tambaya uku: ta ina labarin ya same ni, minti nawa na ɗauka kafin in bayar, na san abin da ya faru daga baya?

Ranar da na fara yin wannan na ji kunyar kaina. Kusan duk abin da na bayar ya tafi ne ga wanda ya iya tambaya, ko wanda aka ɗauka a hoto, ko wanda aka karanto sunayen masu taimaka masa a gaban jama'a. Tambaya ta uku kuwa ko sau ɗaya ban iya amsa ta ba. Takardar nan ita ce madubinka, a jikinta za ka ga wace karkata ce ta fi kama ka cikin waɗanda ke tafe.

Mataki na 2: Yanke kuɗin tun ba a tambaye ka ba

Lambar farko da kunne ya ji takan zama turke, tunani ya yi ta zagaye a gindinta. A 1974 Tversky da Kahneman sun juya wa mutane wani faifai mai lambobi, wanda aka shirya ya tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Kowa ya ga faifan caca ne kawai, amma lambar ta bi su har cikin amsa.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaddamar da gidauniya ya ga wannan da idonsa. Babban mai ƙaddamarwa ya tashi ya ambaci miliyan biyar, aka yi kabbara, sai ka ga ɗan kasuwar da ya shigo da niyyar dubu hamsin ya ɗaga hannu ya ce rabin miliyan, alƙawarin da kwamiti zai shekara yana yi masa sintiri a kai. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: a zauren tsofaffin ɗalibai, idan na farko ya rubuta sunansa da dubu ɗaya, kowa dubu ɗaya zai jera, har da wanda ya je Umara sau biyu a shekarar. Turke ya haɗu da bin yarima a sha kiɗa.

Maganin shi ne ka riga kowa kafa naka turken. Farkon wata, ranar da kuɗi suka shigo, a lokacin da ba kowa a kanka, ka ware abin da za ka bayar. Zakka ka fitar da ita daban, don ita tana da nisabinta, da kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi, da jinsin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Sauran ka kasa shi uku. Kaso ɗaya na dangi da maƙwabta, su dangi ma ba su sadaka lada biyu ne, sadaka da sada zumunci. Kaso na biyu, wanda a ganina ya kamata ya fi girma, na aikin da ka zaɓa a tsanake. Na uku ƙarami, shi nake kira aljihun tausayi: na almajiri a ƙofar gida, da mabaraci a danja, da bidiyon dare. Idan ya ƙare ya ƙare sai wani watan. Amfanin wannan aljihu shi ne zuciya ta samu abin da take so ba tare da ta kwashe rumbun duka ba.

In za ka taron gidauniya, rubuta lambarka a takarda ka sa a aljihu tun daga gida.

Mataki na 3: Idan fuska ɗaya ta kama ka

Nan ne gizo ke saƙar. A wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba mutane dala biyar-biyar, aka ce wanda ya so ya ba ƙungiyar Save the Children wani abu daga ciki. Wasu an nuna musu alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa ko gudun hijira a Malawi da Zambiya da Angola da Habasha. Wasu kuma hoton yarinya ɗaya, Rokia, 'yar shekara bakwai daga Mali. Masu alƙaluma sun ba da dala 1.14 a tsaka-tsaki, masu hoton Rokia dala 2.38. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rukuni na uku, da aka haɗa musu hoton da alƙaluman: sai kyautar ta sauko zuwa 1.43. Sanin cewa akwai miliyoyi irinta bai ƙara wa Rokia komai ba, rage mata ya yi.

Ka tuna Rayan, yaron nan ɗan shekara biyar da ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a arewacin Maroko a Fabrairun 2022? Kwana biyar duniya na kallo, mu ma a nan aka yi ta addu'a, da aka fito da shi ba rai mutane suka yi kuka kamar ɗansu. Kukan nan gaskiya ne, ba wanda zai zarge shi. Amma a shekarar, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum wajen 608,000, kusan kashi 31 cikin 100 a Najeriya, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. In ka raba, sama da mutum 500 ke nan kullum. A kwana biyar ɗin Rayan an binne dubbai a ƙasa ɗaya, ba wanda ya san sunansu sai iyayensu.

To me za ka yi idan bidiyon ya shigo? In ba maganar mutuwa da rayuwa cikin sa'o'i ba ce, ka bar shi ya kwana. Da safe ka kira lambar da kanka. Tambayi sunan asibitin, da ɗakin, da gadon, nawa ake nema, nawa aka samu zuwa yanzu, wa zai sanar idan kuɗin sun cika. Duba ko sunan da ke kan asusun yana da alaƙa da mara lafiyar. Duba kwanan watan da ke jikin takardar asibitin, don akwai bidiyoyin da ke ta yawo shekara biyu bayan mai ciwon ya warke ko ya riga mu gidan gaskiya. In da hali ka aika wanda ka yarda da shi ya gano, ya biya a wurin karɓar kuɗin asibiti ko ya sayo maganin ya karɓo rasit. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, mai ƙarya kuwa a ta biyu yake kashe waya.

Bayan nan sai tambayar da zuciya ba ta so: yara nawa ne a wancan ɗakin kwanciyar da ciwo irin nasa, waɗanda ba su da ɗan'uwa mai babbar waya? Duk wanda ka aika, ka ce ya tambayi ma'aikaciyar jinya wane gado ne aka rubuta wa magani kwana biyu ba a sayo ba.

Mataki na 4: Raba kuɗin da adadin mutane

Zuciya ba ta iya ƙidaya ba. Farkon shekarun 1990 a Amurka an tambayi rukuni uku na mutane nawa za su biya don a ceci tsuntsaye daga nutsewa a kududdufan mai. An ce wa na farko tsuntsu 2,000 ne, na biyu 20,000, na uku 200,000. Amsoshin: dala 80, dala 78, dala 88. Kowa hoton tsuntsu ɗaya ya gani a ransa, fukafukai sun jiƙe da baƙin mai, shi ya saya. Sifilin da ke bayan lambar ko a jikinsa.

Saboda haka lissafin sai da biro. Ga kowane aikin da kake tunanin sa wa kuɗi, rubuta abin da zai ci, ka raba da yawan mutanen da zai amfana, sannan ka tambaya amfanin na kwana nawa ne. Kwanon abincin buɗa-baki na dare ɗaya ne. Gidan sauro mai magani yakan kai shekara biyu zuwa uku yana kare uwa da ɗanta. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a watannin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi tun 2012, ƙungiyar GiveWell mai auna ingancin ayyukan agaji ta ƙiyasta yana cin wajen dala bakwai ga yaro ɗaya a damina guda. Ƙungiyar New Incentives kuma, da aka gwada aikinta a Katsina da Zamfara da Jigawa, 'yan kuɗi kaɗan take ba uwa duk lokacin da ta kai jaririnta allurar rigakafi, don sau da yawa abin da ke hana zuwa bai wuce kuɗin mashin da asarar cinikin yini ba.

Ba cewa nake a daina ciyarwa ba, mai jin yunwa yau abinci yake so. Amma idan wurin ciyarwar unguwarku ya riga ya samu masu kuɗi goma da ke gasar kai buhuna, buhunka na sha ɗaya ba zai canza daren kowa ba, alhali kuɗinsa zai iya sayen gidajen sauro ga layi guda. Tambayar a kullum ita ce: in ban bayar a nan ba, me zai ragu?

Mataki na 5: Nemo wanda kyamara ba ta kai gare shi ba

Abin da ido ya gani kwanan nan shi tunani ke ɗauka ya fi komai girma. Mutanen Nijar sun ɗanɗana wannan a 2005. A ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami ta afka wa gaɓar tekun Indiya, aka yi ta nuna ta a talabijin, kuɗi suka kwararo har ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito a farkon Janairu ta ce ta samu abin da ya ishe ta na wannan aiki, a dakata. A daidai lokacin fari da fara sun riga sun cinye amfanin gona a Nijar, ana ta gargaɗi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi taimako a watan Mayu aka yi kunnen uwar shegu da ita. Sai a watan Yuli, da hotunan yaran Maraɗi masu tamowa suka fita a BBC, sannan aljihu suka buɗe, a lokacin da ceto yaro ɗaya ya ninka tsadar ciyar da shi tun farko sau da yawa. Wani ɓangare na kuɗin da MSF ta yi aiki da su a Nijar ma daga rarar tsunami ne, bayan ta nemi izinin masu bayarwa.

Haka abin yake ko a gida. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri a Satumban 2024, makon farko kowa na sanar da gudummawa. Wanda gidansa na ƙasa ya rushe kuwa, buƙatarsa ta fi tsanani ne bayan wata uku, da sanyi ya shigo, labari kuma ya koma wani wuri. In bala'i irin wannan ya auku, raba abin da ka yi niyya biyu, ka riƙe rabi ka sa wa wayarka tuni na kwana 90.

Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta riga ta siffanta mutanen da wannan karkata ke tsallakewa: waɗanda wanda bai sani ba ke zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Su ba za su zo ba, kai za ka je. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce littafin bashi. Je ka wurin mai kantin unguwa da mai kemis, ka ce su duba wa ke karɓar gwangwanin gari ko rabin katin magani bashi ya kasa biya. Na taɓa tambayar limaminmu, na ce, "Allah gafarta Malam, wa ka sani a unguwar nan da ke cikin matsi amma ba zai faɗa ba?" Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Kana ganin dattijon nan da ke sahun farko kullum da farar riga a goge? Rigar ke nan guda ɗaya, da dare ake wanke ta." Shekara nawa muna gaisawa da mutumin. Ungozoma da malamar Islamiyya su kuma sun san na cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Idan ka samu suna, ka biya ta hannun mai kantin, kada a ce kai ne.

Mataki na 6: Yi hattara da aikin da ya yi kyau a hoto

Akwai wani famfo da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, PlayPump, lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai yana jawo ruwa zuwa tanki. Wa zai ga wannan bai so shi ba? A 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 don a baza shi. Da aka koma ƙauyukan, musamman a Mozambik, sai aka tarar yara sun gaji da wasan, mata ne ke tura lilon da hannu, har da tsofaffi. Kowane ɗaya ya ci wajen dala 14,000, ninkin ba ninkin famfon tuƙa-tuƙa, in ya lalace kuma ba mai iya gyara shi a kusa. A wasu wuraren ma cire famfon da ke aiki aka yi aka dasa shi, ba tare da an tambayi masu ɗiban ruwan ba.

Ni ma na yi nawa PlayPump ɗin. Mun haɗa kuɗi da abokai muka haƙa rijiyar burtsatse mai sola a wani ƙauye, aka yi fenti, aka kafa allo da sunan ƙungiyarmu, aka ɗauki hoto da mai gari. Abin da muka fi alfahari da shi a sanarwa shi ne ko kwabo ba a taɓa ba, duk kuɗin sun shiga aikin. Bayan wata bakwai injin ya ƙone. Ba kwamitin kula, ba asusun gyara, ba lambar mai gyara, don duk waɗannan su ne muka ɗauka ɓarnar kuɗi. Da na koma, wata tsohuwa da tulu a ka ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, allonku dai yana nan lafiya lau."

Ƙyamar kuɗin gudanarwa karkata ce mai zaman kanta. Muna son a ce kowace naira ta shiga bakin mabuƙaci, mu manta cewa mai kai kayan yana shan mai, mai rubuta lissafi yana da iyali, mai komawa dubawa yana biyan mota. Ƙungiyar da ta ce ba ta kashe komai wajen gudanarwa, ko dai wani ne ke biya mata a gefe, ko ba ta duba aikinta, ko ba ta faɗi gaskiya ba. Ɓarayi da sunan agaji suna nan, shi ya sa za ka nemi ganin rajista da rahoton kuɗi. Amma kada ka tsaya a kan kashi nawa aka ci a ofis. Ka tambaya: rijiyoyin da kuka haƙa shekara uku da suka wuce, nawa ne ke ba da ruwa yau? Marayun da kuka ɗinka wa kayan sallah, nawa ne ke makaranta? Wa ya nemi wannan aikin, mutanen garin ko ku? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma sau da yawa abin da zai ce maka bai da wurin kafa allo: gyaran tsohon famfo, albashin malami ɗaya, yashe masai a makarantar allo.

Mataki na 7: Koma ka gani, ba tare da sanarwa ba

Da zarar ka sa kuɗi a wuri, zuciya ta zama lauyan wurin. Labari mai daɗi za ta karɓa hannu biyu, mara daɗi ta ce hassada ce, kuma ko ka ga alamar aikin ya mutu za ka ji nauyin janyewa saboda abin da ka riga ka zuba. Don haka tun ranar da ka bayar ka rubuta abin da kake sa ran gani bayan wata shida, da abin da in ka gan shi za ka daina. Ka ba wani aboki da bai sa ko sisi a ciki ba ya riƙe takardar, ranar komawa ku tafi tare. Kada ka yi waya kafin ka je, in ka yi za a share wuri a tara yara. Je ka ranar Talata da hantsi, ka murɗa kan famfon da hannunka, ka tsaya a layin masu jarka ka tambaye su yaushe rabon da ya tsaya, kuma wa ya gyara.

Wanda ya ci jarrabawa, ka sa wa bankinka umarnin tura masa kason nan na biyu duk wata, ko da kaɗan ne, har da watannin da ba azumi ba, irin su Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, sauro kuma ya yi yawa.